Zama a Gaɓar Kogi ko Bakin Dam: Jagorar Shirin Ambaliya Daga Rani Har Ruwa Ya Janye

Ambaliyar kogi daban take da ruwan da ke cika kwata bayan an tafka ruwan sama a unguwa. Ana iya wayar gari sama tas, ko ɗigo bai sauka a rufinka ba, amma kafin la'asar ruwa ya iso bakin ƙofa, domin ruwan da aka kwana ana yi a can sama, nisan ɗaruruwan kilomita, ko wanda aka sako daga dam, sai yanzu ya ƙaraso. Abin da mazaunin gaɓa yake da shi a hannu shi ne wannan tazarar da ke tsakanin saukar ruwa da isowarsa. A manyan koguna takan kai kwanaki, a matsakaita awanni, a ƙananan koguna masu gangarowa daga duwatsu kuwa mintoci ne kawai. Wanda ya san tsawon tazararsa, kuma ya yanke tun da rani abin da zai yi a cikinta, shi ne ke fita da iyalinsa da ƙafafunsu.

Mataki na ɗaya: san ruwan da kake maƙwabtaka da shi

Mutane da yawa sun ɗauka gina dam a saman gari ya kashe maganar ambaliya. Dam randa ce, kuma randa tana cika. Muddin akwai sauran wuri a tafkin, yana riƙe ruwa ya sake shi kaɗan-kaɗan, mutanen ƙasa su yi shekaru ba su ga ruwa a fadama ba, har su fara gini a inda iyayensu ba su taɓa yarda su kafa ko rumfa ba. Ranar da tafkin ya cika, dole masu kula da shi su buɗe ƙofofi, in ba haka ba ruwa ya haure bango, abin da ke iya cinye dam ɗin da aka gina da ƙasa cikin awanni. Ga kuma laka da yashi da ke taruwa a gindin tafki shekara bayan shekara, suna cinye wurin da ruwa zai zauna.

Saboda haka tambayar farko ita ce: ta wane ɓangare kake? In kana ƙasan dam, haɗarinka sakin ruwa ne, ko ɓallewa. Mazauna gaɓar Binuwai sun san yadda ruwan da aka sako daga dam ɗin Lagdo a Kamaru ya haɗu da ruwan damina a 2012 da 2022, ya kwashe kwanaki yana gangarowa kafin ya mamaye garuruwa har Lakwaja. Wancan ruwa ne mai ba da lokaci. Na Darna a Libiya bai ba da ko kaɗan ba: dam biyu suka ɓalle cikin dare a Satumbar 2023, ruwa ya ratsa tsakiyar birni ya hallaka dubban mutane. A Satumbar 2024 dam ɗin Alau ya saki Maiduguri cikin ruwa, shekara 30 bayan irin haka ta faru a 1994. A dam ɗin Oroville na jihar Kalifoniya a Amurka kuwa, a Fabrairun 2017, makwararar rarar ruwa ce ta lalace, aka umarci mutum sama da 180,000 su bar gidajensu cikin yini ɗaya, duk da cewa bangon dam ɗin bai faɗi ba.

In kuma kana saman dam, a bakin tafki, kada ka ce kai ka tsira. Tafki in ya cika baya yake komawa. A Agustan 2017, lokacin guguwar Harvey, dubban gidaje a birnin Houston na Amurka sun nutse a bayan madatsun Addicks da Barker, kuma da yawan masu gidajen sai a ranar suka san cewa a cikin faɗin tafkin aka gina musu gida. Filin ya yi shekaru a bushe, an yi tituna da makarantu, amma a lissafin injiniyoyi wurin zaman ruwa ne.

Je ofishin da ke kula da kogin ko dam ɗin, ko shafinsu na intanet, ka nemi taswirar wuraren da ruwa ke kaiwa. Ka tambaye su abu uku: ta wace hanya suke sanar da sakin ruwa, awa nawa ruwan ke ɗauka kafin ya iso wajenku, kuma wane tsayi a ma'aunin kogi ne ke nufin ruwa ya fara fita daga gaɓa. Sannan ka zauna da tsofaffin wurin. Sukan tuna abin da taswira ta manta, kamar tsohuwar hanyar rafi da aka cike aka yi gini a kai. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa.

Akwai wata magana da ke ruɗar mutane, wai "ambaliyar shekara ɗari". Ba ana nufin sau ɗaya take zuwa a ƙarni ba. Ma'anarta a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta auku, kuma tana iya zuwa bana ta sake zuwa baɗi. In ka zauna a irin wannan wuri shekara 30, yiwuwar ka gan ta aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 26 cikin 100. Wato ɗaya cikin huɗu.

Mataki na biyu: auna gidanka da ruwa, ka kafa alamar tashi

Wannan shi ne matakin da na fi so a daɗe a kansa, don shi ne mutane suka fi tsallakewa.

Nemi shaidar ambaliyar da ta gabata: layin laka a jikin tsohuwar katanga, tabo a ƙafar gada, ko ciyawa da leda da suka maƙale a reshen bishiya sama da kai. Samo dogon tiyo mai garai-garai irin wanda magina ke daidaita gini da shi, ka cika shi da ruwa, mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a kan shaidar, kai ka riƙe ɗayan a jikin bangonka. Inda ruwan tiyon ya tsaya a wajenka, nan ne daidai tsayin wancan ruwa. In nisan ya fi tsawon tiyo, sai a riƙa ɗaukar awon zango-zango ana kafa turke. Ja layi da fenti. Wani zai ga layin ya faɗi ƙasa da dokin ƙofa, hankalinsa ya kwanta kaɗan. Wani zai gan shi a saitin taga, a nan ne zai gane cewa buhun yashi ba zai yi masa komai ba.

Bayan ka san tsayin gida, auna hanyar fita. Sau da yawa gida na kan ɗan tudu, amma titin da ake bi a fita yana ratsa kwari ko ƙaramar gada, kuma shi ruwa ke fara rufewa. Wurin da ya fi ƙasa a hanyarka, shi ne ke yanke maka lokacin tashi. Ka nemi hanya ta biyu, ka bi ta da ƙafa da rana, ka sake bin ta da dare.

Yanzu sai alama. Zaɓi wani abu tsayayye da ake gani daga nesa, kamar matakalar bakin ruwa, ƙafar gada ko turken ƙarfe da ka kafa, ka yi masa zane uku. Zane na farko: a fara ɗaga kaya sama. Na biyu: yara, tsofaffi, marasa lafiya da dabbobi su tafi. Na uku: kowa ya fita, a rufe gida. Zane na uku dole ya kasance ƙasa da tsayin da ke rufe hanya, da rata mai kyau. Ka tara mutanen gida ka nuna musu, kowa ya ji da kunnensa.

Dalilin yin haka tun ƙasa na bushe shi ne, in ruwa ya zo, zuciya takan fara ciniki. Maigida zai tsaya a bakin ƙofa da tocila, ruwa na lasar matakala ta biyu, yana cewa, "Bari mu ga zuwa asuba, bara ma nan ya tsaya." Uwargida na riƙe da jaka tana cewa, "Malam, don Allah mu tafi, yaran nan fa." A irin wannan dare babu mai iya lissafi daidai. In akwai zane a jikin turke, gardama ta ƙare: ruwa ya taɓa zane, a tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na uku: gyaran gida da rani

Ruwa ba ta ƙofa kawai yake shiga ba. Yana biyo magudanar banɗaki ta baya, yana tsattsafowa ta tsagar daɓe, yana bin ramin da aka huda don bututu ko waya. Ka zagaya gida ka toshe waɗannan da siminti. In gidan na haɗe da babbar magudanar ƙazanta, sa mai aikin famfo ya saka bawul mai hana ruwa dawowa. Alamar farko ta cewa ruwa ya cika ƙasa ita ce ƙarar ɓul-ɓul daga ramin wanka, tun ba a ga komai a tsakar gida ba.

Ɗaga soket, mita da akwatin fis sama da layin fentin nan, ka bar wannan aiki ga mai aikin lantarki. Janareta, injin famfo da firji su hau kan dandamali. Tukunyar gas da tankin mai a ɗaure su, domin in ruwa ya zo tasowa suke yi kamar gora, su tsinke bututu. Maganin ƙwari, taki, fenti da man inji su koma can sama, kada su gauraye da ruwan da za ka taka. Bakin rijiya a ɗaga shi a yi masa murfi mai kyau.

Ginin ƙasa yana da nasa hali. Daga gindi yake jiƙa, ya yi laushi, sannan bangon ya zauna gaba ɗaya, wani lokaci bayan ruwan ya janye. In irinsa kake ciki, ka ƙarfafa gindin da dutse ko bulo da siminti har sama da layin, kuma kada kowa ya kwana a ciki in ruwa ya kewaye shi, ko da bai shiga ɗaki ba.

In a ƙasarku ana sayar da inshorar gida, karanta takardar da kyau. A wurare da yawa inshorar gida ta yau da kullum ba ta haɗa da ambaliya, sai an saya daban, kuma ba ta fara aiki ranar da aka biya. Ko da inshora ko babu, ɗauki hoton kowane ɗaki da kayan cikinsa, da takardun gida da na shaida, ka ajiye kwafi a intanet ko wajen ɗan'uwa da ke nesa da kogin.

Jakar tashi ba ta buƙatar dogon bayani: takardu a cikin leda mai rufewa, maganin da wani ke sha kullum, tocila, ƙaramar rediyo mai batir, cajar waya da batirin ajiya, ruwan sha da busasshen abinci na kwana uku, kuɗi a hannu, tufafi kaɗan. A rataye ta inda ko a duhu za a laluba a ɗauka.

Mataki na huɗu: an yi gargaɗi, ruwa na tasowa

Ka saurari hukumar da ke da ma'auni, ka rage bin jita-jitar waya. Duk lokacin ambaliya sai an yaɗa cewa "dam ya fashe", a haɗa da tsohon bidiyon wata ƙasa. Amma kuma kada jiran sanarwa ya hana ka duba turkenka. Soka sanda a bakin ruwa, ka duba agogo, ka dawo bayan awa ɗaya. In ya hau santimita 10, kuma saura santimita 60 ya kai zanenka na ƙarshe, lissafi ya ce awa shida. Ka ɗauka uku gare ka, domin ruwa ba ya tafiya da sauri ɗaya, kuma ƙofar dam guda da aka ƙara buɗewa tana rushe lissafin. In ruwan ya rikiɗe ya yi ja, ya fara kawo itace da tarkace, ko ka ji rugugi daga sama, babban yana tafe.

Buhun yashi na da amfani ga ruwa marar zurfi, in an jera shi daidai. Kada a cika buhu dam, rabi zuwa kashi biyu cikin uku ya isa, don ya kwanta ya bi siffar na ƙasansa. A shimfiɗa leda mai kauri ko tamfol a jikin ƙofa, a jera buhunan kamar bulo, na sama ya hau kan mahaɗar na ƙasa, a tattake kowane layi da ƙafa. Rage ruwa yake yi, ba ya hana shi ɗungurungum. Kuma in ruwan waje ya doshi mita ɗaya, ƙoƙarin hana shi shiga na iya jawo bangon ya rushe saboda nauyin da ke tura shi ta gefe ɗaya. Ruwa mai faɗin mita, tsawon mita, zurfin mita, nauyinsa tan guda ne cur.

Kafin ruwa ya shigo, da busasshen hannu kana tsaye a busasshen wuri, kashe wutar gidan daga babban makunni, ka rufe gas. In ruwa ya riga ya kai wurin makunnin, bar shi. Fitar da mota zuwa tudu da wuri. Kwance dabbobi, domin dabbar da ke ɗaure ba ta da yadda za ta yi. Leƙa maƙwabcin da ke zaune shi kaɗai.

Mataki na biyar: fita

Ka fita da rana in da hali. A kwarin Ahr na Jamus, a Yulin 2021, ruwa ya taso cikin dare ya kashe mutum sama da 130, a ƙasar da ke da ma'aunai da hukumomi. Dare ne ke ɓoye zurfi, ya ɓoye ramin da murfinsa ya tafi.

Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuma na tafiya da yawancin motoci har da manya. Mai mota kan dubi titin da ya saba bi kullum ya ce ai ya san shi, alhali ƙila ruwa ya riga ya cinye ƙasan kwaltar. In ka tarar ruwa ya rufe hanya, juya. In mota ta mutu a cikin ruwa yana tasowa, cire bel, sauke gilashi tun lantarkin motar na aiki, a fara fitar da yara, a hau rufin motar.

In ruwa ya riga ya tare ku a gida, ku hau bene ko rufi, amma kada a shiga cikin silin da ba shi da mafita ta sama. Ku kira masu ceto ku faɗi adadinku, ku riƙe tocila ko ƙyalle mai haske. Duk wayar lantarki da ta faɗo, a ɗauka da wuta a jikinta.

Mataki na shida: masu zuwa bakin ruwa don hutu

Baƙo ya fi ɗan gari shiga haɗari, domin bai san yadda kogin yake a ranar da yake lafiya ba, balle ya gane ya canza. A ranar 4 ga Yulin 2025, kafin wayewar gari, kogin Guadalupe a jihar Texas ya tashi kusan mita 8 cikin minti 45, ya tarar da mutane na barci a sansanonin hutu da ke gaɓa, cikinsu har da yara mata da yawa. Don haka in za ka kafa tanti, kada ka kafa a kan yashin tsakiyar kogi, ko tsibiri, ko busasshen rafi, komai kyan wurin. Hau sama da layin tarkacen da ruwa ya taɓa bari. Duba hasashen yanayi na yankin da kogin ya fito, ba na inda kake zaune kawai ba, kuma tun da sauran haske ka gano ta inda za ku haura tudu.

Ƙasan dam ya fi ko'ina yaudara. Ruwa kaɗan, duwatsu a fili, kifi da yawa, shi ya sa masu kamun kifi da masu wanka ke son wurin. Amma dam mai samar da lantarki na iya kunna injuna a kowane lokaci, ko rana na ƙwallewa, ruwa ya hau cikin mintoci. Jiniya ko fitila mai walƙiya na nufin a fita nan take, a bar ƙugiya da kwando. Ruwan da ke fitowa daga gindin tafki mai zurfi kuma sanyi gare shi ƙwarai, yana iya ɗauke numfashin mutum ya sandarar da gaɓoɓinsa ko da ya iya iyo.

Akwai kuma ƙananan madatsai da ake gittawa a kogi, waɗanda ruwa ke zubowa ta kansu kamar labule. Sau da yawa tsayinsu ba ya wuce mita ɗaya ko biyu, shi ya sa ake raina su. A gindinsu ruwa juyawa yake yi kamar turmi, ya danna mutum ƙasa, ya taso da shi, ya sake maido shi gindin bangon, kuma kumfar da ke wurin ba ta ɗaukar nauyin jiki. In kogi ya cika, ƙarfin juyin ninkuwa yake yi. Mai kwale-kwale ya fito tun daga nesa ya zagaye ta ƙasa.

A tafkin da ya tumbatsa, abin da ka sani jiya ya nutse: shingen waya, kututture, benci, turakun alama. Gungumen itace na yawo dab da saman ruwa, jirgi mai inji da ke gudu ba ya ganinsa sai ya hau. A rage gudu, kuma a sani cewa igiyar ruwan da jirgi ke tayarwa tana dukan gidajen da ruwa ya riga ya kai gindinsu. In hukuma ta rufe mashigar jirage ko wurin wanka, da dalili. Kowa a cikin jirgi ya sa rigar ceto a jikinsa a ɗaure, wadda ke ƙarƙashin kujera ba ta ceton kowa. In wani ya faɗa, miƙa masa sanda ko jefa igiya ko jarka marar komai a rufe. Masu faɗawa ceto da hannu sau da yawa su ma ba sa fitowa.

Mai jirgi a bakin tafki ya fitar da shi tun kafin ruwa ya rufe mashiga. In ba zai yiwu ba, ya ƙara igiyoyi ya ba su sassauci, don gajeriyar igiya na jan jirgi ƙasa in ruwa ya hau. A yanke wutar da ke zuwa kan gadar jirage, domin lantarkin da ke zurarewa cikin ruwa na shanye jikin mai iyo ba tare da an ga alama ba. Wani lokaci kuma asarar a juye take zuwa: da dam ɗin Edenville a jihar Michigan ya ɓalle a Mayun 2020, an kwashe mutum kusan 10,000 a ƙasa, su kuma na sama suka wayi gari tafkin Wixom ya zama filin laka, jiragensu na kwance a kan taɓo.

Bayan ruwa ya sauka, a ɗan dakata da wanka. Ambaliya na wanko masai, taki da mushe zuwa cikin kogi da tafki. In saman ruwa ya yi kore kamar an zuba fenti, kada mutum ko kare ya shiga, wasu nau'o'in gansakukar nan guba gare su. Gaɓar da ruwa ya rarake ta ƙasa kuma tana iya zabtarewa da mai tsaye a kanta.

Mataki na bakwai: komawa gida

Kada ka koma sai an ce hanya ta buɗe, kuma ka je da rana, ba tare da yara ba. Zagaya ta waje tukuna. Sabuwar tsaga, bango da ya karkata, ƙofar da ta ƙi buɗuwa alhali da lafiyarta, ƙasa da ta zaizaye a gindin gini, duk dalilai ne na kiran magini ko injiniya kafin a shiga. In ka ji warin gas, fita. Tocila za ka riƙe, ban da ashana ko kyandir. Sa takalmin roba da safar hannu, ka riƙa ɗaga kaya da sanda, domin macizai da kunamu ma tudu suka nema, kuma gidanka ne tudun.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hotuna, har da layin ruwa a bango da awonsa. Wuta kuwa ba za a maido ta ba sai mai aikin lantarki ya duba. In janareta za ka kunna, a waje, nisan aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana kashe mutane suna barci.

Kwashe laka tun tana da danshi. In ta bushe sai da diga. Fumfuna kan fara cikin awa 24 zuwa 48, don haka a buɗe tagogi, a fitar da duk abin da ya jiƙe. Katifa, filo, kafet da kujerun soso da ruwan ambaliya ya ratsa, gaskiya mai ɗaci ita ce yawancinsu sun tafi, ko an shanya su ƙazantar na ciki. Abin da ke da tauri, kamar daɓe, tayil da ƙarfe, a wanke da sabulu tukuna, sannan a bi da ruwan bilic, kofi ɗaya a lita 20 na ruwa. Kada a gauraya bilic da wani maganin wanki, musamman mai amoniya, hayaƙin da ke tashi guba ne. Gidan da ke da ɗakin ƙarƙashin ƙasa kada a zuƙe ruwansa a yini ɗaya, a riƙa rage kamar kashi ɗaya cikin uku kullum, saboda jiƙaƙƙiyar ƙasar waje na tura bangon, ruwan ciki ne ke tare ta.

Abincin da ruwan ya taɓa a zubar. Ruwan sha a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa masa ƙwayar kulorin bisa umarnin da ke jikin kwalin. Rijiyar da ambaliya ta shiga sai an kwashe ta, an zuba kulorin, in da hali an gwada ruwan. Kwalara da taifot ta nan suke shigowa, sauro kuma na hayayyafa a kududdufan da aka bari, don haka a zubar da duk ruwan da ya kwanta a taya, gwangwani da bokiti. Wanda ya yi aiki a cikin ruwan, musamman mai rauni a ƙafa, in zazzaɓi, ciwon kai da ciwon ƙwauri suka kama shi cikin mako biyu zuwa uku, ya je asibiti ya faɗi cewa ya shiga ruwan ambaliya, domin akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a irin wannan ruwa.

Kada a yi gaggawar fenti. Bangon bulo kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya bushe har ciki. Manna ɗan yankin leda a jikin bango da salatif ta kowane gefe, ka bar shi ya kwana. In da safe ka ga raɓa a cikinsa, bangon bai shirya ba. Kuma kafin mai fenti ya shafe layin lakar, buga ƙusa a daidai tsayinsa, ka rubuta kwanan wata a gefe, da tsayin da ma'aunin kogi ya nuna a ranar, da awannin da ruwan ya ɗauka daga zanenka na farko zuwa dokin ƙofa. Da waɗannan za ka koma wurin turken ka gyara zanen uku.